Wanda Aka Sauke a Lakar Ubhur

"Kai ka kashe shi, Abdulwahid. Sauke hannunka, ba na son addu'arka a ƙofata."

Da wannan Mastura ta tarbi tsohon kafinta, a gaban duk wanda ya zo zaman makoki a lungunsu na unguwar Karantina, cikin Jidda. Makokin ma wane iri ne, babu gawa, babu makara, sai 'yan tabarmi da mutane masu magana ƙasa-ƙasa. Abdulwahid ya tsaya da tafukansa a buɗe. Bahaushen Sudan ne, haihuwar Bur Sudan, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci.

"Ya Hajja, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ban ɗauko taɓarya ba. Ba kai ka rantse sai ka jefa shi a teku ba? Ko ƙarya aka yi maka?"

"Kifi ya shanya a kan katakon da na gama shafa wa mai. Faɗan baki ne, wallahi."

Wanda ya mutu Gwadabe ne, ƙanin Mastura ciki ɗaya. Ita ta goye shi a Yawuri, ita ta janyo shi Jidda da bizar umara, ya zauna yadda ta zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai. Gadi yake yi a jirgin wani Balarabe mai suna Hamad, can Sharm Ubhur, inda teku ya kutso cikin ƙasa kamar kogi. Jirgin sambuk ne, irin na katako, ya gama ƙuruciyarsa yana jigilar gawayi da awaki da riɗi daga Sawakin ta Sudan. Da ya tsufa, maimakon a bar shi ya huta, sai Hamad ya saye shi, ya sa Abdulwahid ya yanyanka cikinsa ɗaki-ɗaki. Aka jera gadaje, aka sa na'urar sanyi da masai mai tayil, aka kafa majalisa a sama da dardumomi da matasai. Duk Alhamis da Juma'a masu hali su cika shi, a yi ta kai su ana dawo da su a ruwan da ba ya zuwa ko'ina, suna cin kifi suna zuƙar shisha. Wanda jiri ya kama ya yi amai a inda yake zaune. Gwadabe ke wankewa.

Ranar Talata wani masunci ya tsinci gawarsa a ƙarshen ruwan, cikin laka, ba nisa da titi, ga naɗaɗɗiyar dardumar jirgi a gefensa. Shurɗa, 'yan sandan ƙasar, ba su sha wahala ba. Baƙar fata, ba takarda, ga kayan mutane: ɓarawo ne santsi ya kwashe, ya faɗi ya sha ruwa. Suka kai shi tallaja, firijin gawa na asibiti.

Na'ibi ne ya kawo labarin, kuma yana nan zaune a wurin makokin, a kan kujera ɗaya tilo da ke lungun. Shi ne wakilin Hamad a jirgin, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke sallamarsu. Ɗan Kano ne, amma tun da ya samu iƙama da farar jallabiya Hausa ta fara yi masa nauyi a baki.

"Ya Hajiya, halas, a bar maganar nan," in ji shi. "Abin da suka ce, in kafili, yani uban gidansa, ko ɗan uwa bai je ya ce ya san shi ba, baladiyya, hukumar gari, za ta binne shi majhul. Yani wanda ba a san ko wane ne ba. Ai ƙasa duk ta Allah ce."

"To Hamad ya je mana."

"Ya je ya ce ya ajiye marar iƙama? Kuma wanda aka samu da dardumarsa?"

Mutane suka gyaɗa kai. Su abin da ke gabansu kada motar jawazat, jami'an shige da fice, ta shigo lungu a kwashe su zuwa tarhil, inda ake tsare marasa takarda kafin a tasa ƙeyarsu gida. Wata har tana raɗa wa ta kusa da ita cewa dama marigayin zurfin ciki gare shi. Mastura ta ji ta sarai. Mutanen da suka shekara suna cin ƙosanta suna shan kununta ke nan.

"Mutumin da aka haifa a kwale-kwale," ta ce, "shi ne zai nitse a ruwan da bai kai gwiwa ba? Ku tashi mini daga tabarma. Ba za a binne ɗan uwana babu suna ba, kuma ba za a binne shi ɓarawo ba."

* * *

A garken dabbobi na kudu da tashar jirgi akwai wani Malam Garba, mutumin Damagaram. Kafin ya zo nan bin sawu ne sana'arsa. A sace raƙumi a Tanut, ya bi shi har gindin turken da aka ɗaure shi. Yanzu tumakin Sudan yake ba ruwa. Mastura ta same shi yana kwasar kashinsu da shebur.

"Hajiya, ni sawun ƙasa na sani," ya ce bayan ya ji ta. "Ruwa ba ya riƙe sawu."

"A laka aka same shi."

"Shurɗa sun tattake wurin."

"Su ma ƙafa gare su. Ka ware tasu, ka ba ni saura."

Ya jingine shebur ya dube ta. Dogo ne, busasshe, idonsa ɗaya ya fara yin fari.

"In na je, abin da na gani zan faɗa. Ko da ƙaninki ne ya ɗauko dardumar da ƙafarsa."

"In haka ƙasa ta ce, ka faɗa mini a fuskata. Amma ba za ta ce ba."

"In kuma wanda kika riga kika kama da baki ba shi ba ne fa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Hajiya, har tumakin nan sun ji ki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya wanke hannunsa ya nemo musu mota.

* * *

Safiyar Alhamis wani mai kawo ciyawa ya sauke su a Ubhur. Lakar wurin mai gishiri ce, samanta yakan bushe ya yi ɓawo, duk abin da ya taka ta sai ya zauna daram, tun da ba ruwan sama ake yi ba. Nan ne kuma ruwa ke taro sharar masu shan iska: gwangwanaye, ƙayar kifi, ledoji, kunzugun jarirai a kumbure. Mastura ta toshe hanci da mayafi. A cikin wannan ƙazantar aka bar Gwadabe ya kwanta.

Garba ya sa ta ta tsaya a kan wani dutse, ya ce kada ta motsa. Ya tuɓe takalmi, ya bi gefe-gefe yana duƙawa. Sannan ya fara nuna mata da karan da ke hannunsa.

"Waɗannan masu ƙatuwar shaida takalman shurɗa ne, daga titi suka zo, titi suka koma. Wannan silifa mai cinyayyen dunduniya na masuncin ne. Ƙafar Gwadabe babba ce ko ƙarama?"

"Ƙarama, kamar ta mace. Yatsunsa a haɗe."

"To bai taɓa taka wurin nan ba."



Ya ja ta zuwa bakin ruwa, ya nuna mata wata tsaga a laka, inda hancin huri ya caki gaɓa. Huri shi ne ɗan kwale-kwalen da ake ɗaure wa a bayan babban jirgi. Daga nan mutum ɗaya ya sauko, ba takalmi, saboda laka na haɗiye takalmi. Ƙafa ce mai faɗi, babban yatsa a ware kamar yana damƙar ƙasa.

"Dubi zuwansa. Ya nutse har idon sawu, takunsa gajere, nauyi ne a kansa. Dubi komawarsa, sama-sama, yana sauri. Ya sake zuwa da kaya marar nauyi, dardumar ke nan. Kuma ɓawon lakar a bushe ya fashe. Da tsakar rana aka yi, lokacin da kowa ya shige inuwa."

Ya bi sawun har inda aka ɗauke gawar, ya tsuguna. 

"Da ya iso nan sai ya juya wa wurin baya, ya kafe dugadugansa, ya karkata. Ga inda suka murza ƙasa. Wanda ya ɗauko mutum durƙusawa yake ya kwantar da shi, Hajiya. Wannan bai durƙusa ba. Sauke shi ya yi, yadda ɗan dako ke sauke buhu."

Mastura ta juya gefe ta tofar da yawu mai ɗaci. 

* * *

Sambuk ɗin yana ɗaure a wata 'yar gadar katako, an shafe shi da fenti fari da shuɗi, an rataya masa ƙananan fitilu kamar rumfar biki. Abdulwahid na zaune a gadar yana fere wani katako. Da ya ga Mastura ya miƙe ya ja baya.

"Zauna, dattijo," in ji Garba. "Ƙafarka kawai zan gani."

Abdulwahid ya zare takalmin roba. Ƙafar hagu babu babban yatsa da na kusa da shi, igiyar anga ta tafi da su tun yana saurayi a tekun Sawakin.

"Na laka yatsunsa cikakku ne," Garba ya ce wa Mastura.

"To ba kai ba ne," ta ce wa kafintan, ba tare da ta sassauta murya ba. "Amma a jirgi ɗaya kuke. Me aka yi masa?"

Abdulwahid ya ba su labarin Alhamis ɗin da ta wuce. Wasu samari ne suka ɗauki jirgin, 'ya'yan manya. Da suka ji an ce Gwadabe ya iya ruwa, sai suka riƙa jefa takalmansu a teku suna cewa ya faɗa ya ɗauko. Mutum mai furfura a gemu, ya yi ta nitso suna tafi. Ɗaya ma ya taka masa hannu da zai hawo.

"Su ne," in ji Mastura. "Ba ni sunan ubansu."

"Hajiya, sannu," Garba ya ce. "Ƙafar da na gani ta ɗauki kaya shekara da shekaru. Waɗannan yaran ko butar alwalarsu wani ke ɗaukar musu."

"Kuma ranar Lahadi tare muka ci ful, dafaffen wake, da shi," in ji Abdulwahid. "Lafiyarsa lau, har yana tsokanata a kan kifin nan. Litinin Na'ibi ya ce kada in zo, babu aiki. Talata ma haka. Sai labari na ji."

"Ina yake kwana?"

"A hancin jirgi, cikin ramin igiyoyi. Ba ya yarda ya kwanta a gaɓa saboda masu sintiri. Kuma sanyin na'ura yana ɗan shiga wurin."

Garba ya tambayi inda Na'ibi yake. Abdulwahid ya ce ya tafi kasuwar kifi saboda baƙin yamma, sai bayan la'asar za su zo tare da Hamad.

"To shigar da mu."

* * *

Ƙofofin ɗakunan ƙasa duk a buɗe suke, an tokare su da takalma da ƙyallaye, tagogi ma a buɗe, na'urar sanyi na ta aiki a banza. An banka turaren wuta har yana hawa kai. Amma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari, kamar na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa.

Mastura ta dubi gadajen da zannuwansu masu sheƙi, da madubi a kowane bango, a cikin tumbin jirgin da awaki suka yi ta fitsari. Ta ƙi taɓa komai.

Garba ya bi ɗakunan a duƙe, yana leƙa bayan gadaje da kusurwoyin da tsintsiya ba ta kai ba. Ya shiga ramin igiyoyi, inda tabarmar Gwadabe take har yanzu da butarsa da ɗan buhun kayansa. Wane ɓarawo mai gudu ne zai bar kayansa ya ɗauki darduma? Ya fito yana goge hannu.

"Dattijo, jirgin da ya yi dakon riɗi da gawayi, ina kyankyasonsa?"

Abdulwahid ya yi 'yar dariya.

"Sun fi ni daɗewa a cikinsa. Ranar Juma'a ɗaya ya faɗa a shayin matar wani baƙo. Hamad ya wanke Na'ibi tas a gaban mutane, ya ce in ya sake ganin ko ɗaya, iƙamarsa ce za ta biya."

"Tun da muka shigo ka ga ɗaya?"

Dariyar ta tsaya.

"Akwai sawun ɓera a ƙura, amma duk tsoho ne, ba wanda ya bi ta kai. Ɗaga mini wannan katakon."

Abdulwahid ya sa kurfi ya ɓanɓare katakon daɓe. Mastura ta ja da baya. Kyankyasai ne tuli, duk a kife ƙafafu sama, da ɓeraye a kumbure a cikin baƙin ruwan gindin jirgi. An share na sama, an manta da na ƙasa. Garba ya zura karansa ya zaƙulo wani abu da ya maƙale a jikin haƙarƙarin jirgin. Ɗan tsumma ne an ƙulle bakinsa, bai fi goro ba. Ya kwance shi da tsinin kara, sai ga wata toka-toka.

"Laya ce?" ya tambaya.

"Sihiri," in ji Abdulwahid, yana neman tsari.

"Ba laya ba ce," Mastura ta ce. "Kada ku shaƙa."

Ita da ta tsufa a kan kaskon ƙosai, ta tsinci irin wannan ƙullin a buhun wake ba adadi.

"Ƙwayar maganin wake ce. Masu sito ke ƙulle ta a tsumma don kada tokarta ta shiga hatsi, su cusa a tsakanin buhuna, su kulle ƙofa, kowa ya yi nesa. Iskarta ce ke kisa. Wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ita ba ya tashi."

Abdulwahid ya zauna a bakin gado, fuskarsa ta sauya.

"La hawla. Ai jirgi ba sito ba ne. Bangayen nan da na yi a kan daɓe suka tsaya. Ta ƙasa cikin jirgi guda ne, iska tana tafiya daga gindi har hanci. Ramin igiya ma nan take taruwa." Ya riƙe kansa. "Mu in za mu yi wa jirgi hayaƙin farar wuta, sai shugaban jirgi ya tsayar da kowa a gaɓa, ya kira shi da sunansa ya amsa, kafin a rufe."

Mastura ba ta saurare shi har ƙarshe ba. Ta tuna wani saurayi da ya sauka a lungunsu shekarun baya, ba shi da ko tabarma. Ita ta ba shi man zafi ya shafa a kafaɗun da suka yi kanta, ya ce dakon wake ne a kasuwar hatsi ta Kano ya mai da su haka. Lokacin ba shi da farar jallabiya.

"Na'ibi," ta ce.

"Sau biyu kin kama suna kin saki," in ji Garba. "Wannan karon a bar ƙafa ta faɗa."

Ya tambayi Abdulwahid inda ake tuɓe takalmi in za a hau majalisa. Nan bakin matakala, ba wanda ke taka dardumar Hamad da takalmi, har shi Hamad ɗin. Garba ya ce a kwara ruwa a daidai wurin, a bar katakon gaba a bushe.

* * *

Bayan la'asar suka iso. Hamad a gaba, gajere mai tumbi, yana kaɗa carbi. Na'ibi a baya yana ba shi labari da Larabci yana dariya. Suka tuɓe takalma a bakin matakala, suka taka jiƙaƙƙen katako, suka wuce. Sai a sama suka tarar da Mastura zaune a tsakiyar majalisa, Abdulwahid a tsaye gefenta.

"Min hadi?" Hamad ya tambaya. Wace ce wannan?

"Hajiya, me ya kawo ki nan?" in ji Na'ibi. "Yalla, sauka, baƙi na hanya."

Garba ya hawo a bayansu. Ya daɗe a duƙe a kan matakala kafin ruwan ya bushe.

"Ita ce, ƙafar Na'ibi," ya ce wa Mastura. "Faɗin ɗaya, babban yatsan a ware. Har yadda yake jingina nauyi a gefen ƙafar dama."

Mastura ta buɗe ledar da ke hannunta, ta ajiye tsumman a kan dardumar Hamad. Ta ce wa Abdulwahid ya juya wa Balaraben duk abin da za a faɗa, kada ya rage, kada ya sa masa zuma.

Garba ya faɗi nasa a taƙaice: hancin huri a laka, sawu mai nauyi da marar nauyi, Gwadabe bai taka wurin ba, matattun ƙwari a ƙarƙashin daɓe. Na'ibi ya ce ƙarya ne, ya ce tsohon nan makaho ne, ya ce ƙafa ai ƙafa ce. Ya koma Larabci yana rantse-rantse.

"Yi mini Hausa," in ji Mastura. "Da Hausa ka roƙe ni man zafi. Mu je lakar yanzu ka sa ƙafarka a ramin, in ba ta zauna ba in nemi gafararka a gaban duk Karantina."

Bai motsa ba. Ya dubi Hamad, Hamad na kallon tsumman.

"Na kulle ɗakunan," Na'ibi ya ce can ƙasa. "Kowane ɗaki na kulle, mukullan na aljihuna. Haka ake yi. Ban sa ko ƙwaya ɗaya a ramin igiya ba."

"Ka gaya masa?"

"In na gaya masa zai gaya wa Abdulwahid, shi kuma ya ce sai farar wuta, sai an fitar da gadaje, a ɓata mako. Ga baƙi ranar Alhamis. Hajiya, iƙamata ce a kan layi. Da na zo Talata na same shi ya riga ya sandare. Ƙaddara ce, ba da gangan na yi ba."

"Na ji. Mutuwa ta Allah ce, in ka ce ba ka sani ba, Shi ya san cikinka. Dardumar fa? Ita ma ƙaddara ce ta naɗe ta?"



"Don kada a leƙa cikin jirgi," in ji Garba. "In ɓarawo ne, a gaɓa magana za ta ƙare."

"Ka zo ka zauna mini a kujera," ta ce, "kana gaya mini ƙasa duk ta Allah ce. Ka ci tuwo kwano ɗaya da shi. Ko rufe masa fuska ka yi? Ko durƙusawa ka yi? Ka juya baya ka sauke shi cikin kashin jarirai kamar buhun wake."

Na'ibi ya zame ya zauna a ƙasa, jallabiyar ta tattare.

Hamad ya saurari fassarar har ƙarshe. Abin da ya fara tambaya shi ne ko warin ya gama fita daga ɗakunan, don akwai yara a cikin baƙin yau. Sannan ya ɗaga hannu ya yi magana mai tsawo. Abdulwahid ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce halas, ya sallami Na'ibi daga yau. Ya ce wannan tsakaninku ne, ku takari, ku sasanta a unguwarku. Shi bai sayi magani ba, bai san da magani ba." Ya ɗago ya dube ta. "Ya ce kuma shi bai san wani Gwadabe ba. Bai taɓa ɗaukar mai wannan suna ba."

Daga gaɓa aka ji ƙarar ƙofofin mota. Baƙi sun fara sauka, mata da abayoyi, yara da balan-balan, 'yar aiki ɗauke da kwando.

Garba ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Hajiya, ni nawa ya ƙare, kuma zan maimaita shi a gaban kowa, ina da takarda. Amma ke in kika shiga wurin shurɗa, kafin su tambayi sunansa za su tambayi iƙamarki. Daga nan sai tarhil."

"Na sani."

"Ɗakinki, kaskonki, duk abin da kika tara."

"Malam Garba, na ce na sani. Su sa ni a jirgin sama. Amma kafin su sa ni, sai sun rubuta Gwadabe ɗan Hussaini na Yawuri a jikin wannan firijin, sai an wanke shi an yi masa salla."

Ta tattara tsumman ta mayar a leda. Ta sauka matakala da ƙyar saboda gwiwa, ta je ta tsaya a tsakiyar 'yar gadar katakon, inda mutum biyu ba sa iya wucewa. Baƙin suka yi cirko-cirko a gabanta. Hamad ya leƙo daga sama yana kiran Abdulwahid ya janye ta. Abdulwahid ya sauko, ya zo ya tsaya a bayanta.

"Ɗaga murya yadda waɗannan za su ji," ta ce masa. "Ka ce wa Hamad ba yaron da zai kwanta a ɗakunan nan yau. Ka ce masa mutumin da bai sani ba shi ya wanke masa masai, shi ya kwashe aman abokansa, shi ya yi nitso ya ɗauko takalman 'ya'yansu, a cikin jirginsa kuma ya mutu. Korar Na'ibi ba amsa ba ce, shi ma a mota ɗaya za mu tafi da shi. Ka ce ya sauko ya sa takalminsa. Ya zo mu je gaban hukuma, ya buɗe bakinsa ya faɗi sunan ƙanena, ya ce ba ɓarawo ba ne, ya kuma faɗa musu a jirgin wa ya mutu. Ina nan tsaye har ya sauko ya amsa."